YAƘIN KAN TABARMA: YADDA UBA ZAI FARA DA ƊANSA ƘARAMI

Jawabin da wani ɗan'uwa ɗan kasuwa ya gabatar a taron iyayen yara na ƙungiyarmu a Fadan Kagoma

 



Da sakatare ya same ni a shago ya ce ni zan yi magana a kan tarbiyyar yara, sai na ce masa ai ni ba malami ba ne, abin da na sani shi ne awo da ciniki. Ya ce to ka faɗi abin da ka gani a gidanka. Shi zan faɗa, in na yi kuskure ga malamai nan su gyara mini.

Wata rana da yamma na dawo daga Kafanchan, na tarar da autana, ɗan shekara 6, a zaure. Ya jera dawakin laka da marafan kwalba layi biyu suna fuskantar juna. Na ce, "Auta, me ake yi ne?" Ya ce, "Baba, yaƙi ne. Waɗannan mu ne, waɗancan 'yan coci ne, yanzu za mu ƙone su."

Jama'a, wallahi jikina ya yi sanyi. Yaron nan bai taɓa ganin rikici da idonsa ba. A bakinmu ya ji, mu manya, a hirar ƙofar gida. Kuma babban abokin wasansa ɗan maƙwabcinmu ne, Bakagome, tare suke wuni. Da farko na yi niyyar in tattake dawakin in zane shi. Sai na tuna in na fasa laka, maganar tana nan a zuciyarsa, sai dai ya daina faɗinta a gabana. Sai na cire takalmi na zauna, na ce, "To matso, ni zan riƙe ɗaya rundunar, amma da sharaɗi."

Mu mazauna wannan yanki ba sai an ba mu labarin yaƙi ba. A watan Maris na 1987 rigima ta tashi a Kwalejin Ilimi ta Kafanchan, ta bazu har Zariya da Kaduna da Funtuwa. A 1992 aka yi ta Zangon Kataf. A watan Afrilu na 2011, bayan zaɓe, kasuwar Kafanchan ta ƙone, an rasa rayuka da dukiya ta kowane ɓangare. To wani zai ce, mutumin da ya ga waɗannan, me ya kai shi koya wa ɗansa wasan yaƙi? Amsata ita ce, yaro zai yi wasan yaƙi ko ka so ko ka ƙi. Mu ma mun hau dokin kara, mun yi kwari da baka na tsinke. Abin tambaya shi ne, wa zai sa masa doka a wasan, kai ubansa, ko fim ɗin cikin waya da hirar 'yan bakin titi?

Bayan wannan rana na bincika, ashe abin nan tsohon al'amari ne a duniya. A ƙasar Furushiya, wadda wani ɓangarenta ke cikin Jamus ta yanzu, wani hafsan soja mai suna Reisswitz ya gabatar wa manyansa wani wasa a 1824. Ana shimfiɗa taswira a tebur, ana ɗora 'yan guntayen ƙarfe a matsayin rundunoni, ga alƙali a tsakiya yana yanke hukunci. Shugaban hafsoshinsu da ya gani ya ce wannan ya wuce wasa, horo ne, aka sa sojoji su riƙa yi. Abin da ya burge ni shi ne, rundunonin nan biyu launi aka ba su, ɗaya ja ɗaya shuɗi. Ku riƙe wannan, zan dawo kansa.

A Ingila kuma, wani shahararren marubuci, H. G. Wells, ya fitar da littafi a 1913 mai suna Little Wars, wato ƙananan yaƙe-yaƙe. Ya tsara yadda za a yi wasan a daɓen ɗaki da 'yan sojojin dalma da wata 'yar igwa mai harba tsinken katako. Sojan ƙasa ya yi tafiyar ƙafa ɗaya, mai doki ƙafa biyu, ana aunawa da zare. A ƙarshen littafin ya nuna gara a yi ƙaramin yaƙi a daɓe, inda ba maraya ba gwauruwa, da a yi babba. Shekara ɗaya tak bayan nan, a 1914, Yaƙin Duniya na Ɗaya ya ɓarke. Yau a Turai da Amurka abin ya zama babbar sana'a. Akwai wasan Warhammer da kamfanin Games Workshop na Ingila ya fitar a 1983, mutane na sayen 'yan mutum-mutumi suna yi musu fenti da hannu, kuɗi masu yawa. Mu ba ma bukatar wannan. Laka tana nan a bakin rafi, kara yana nan bayan kaka.

Kafin in shiga yadda ake yi, akwai maganar addini, don na san tana zuciyar wasu. Abin da aka karantar da mu a Islamiyya shi ne, kayan wasan yara an yi rangwame a kansu. Ya zo a littafin Abu Dawuda cewa Nana A'isha, Allah ya ƙara mata yarda, tana da ɗan doki mai fukafukai a cikin kayan wasanta, Manzon Allah (SAW) ya gani ya yi dariya. Amma ludo da dangoginsa masu ɗan lido da ake jefawa, akwai hadisi mai tsanani a Sahihu Muslim a kan wasan nardu. Turawa suna yawan amfani da ɗan lidon nan a nasu wasan, ni na cire shi gaba ɗaya. Sannan ba caca, ko ta alewa ce, kuma da an kira salla an tashi. Malam Liman, in akwai gyara muna saurare.

To ga yadda za ka fara.

Na farko, kayan aiki. Ku yi su tare, kada ka yi masa. Rabin daɗin abin a nan yake. Ku kwaɓa laka ku gina dawaki, ku shanya a inuwa kwana biyu don kada rana ta tsattsaga su. Marafan kwalba su ne dakaru, wato sojan ƙasa. Guntun kara da aka soka wa tsinke shi ne ɗan baka. Kwalin ashana gida ne ko kayan fatake. Tsohon buhun citta in ka naɗe shi ya zama dutse, zare shuɗi ya zama kogi. Tabarma ita ce fili. A kula, in akwai mai rarrafe a gidan, a nisanta shi da marafai da tsakuwa, don baki yake kai komai.

Na biyu, kada ka cika. Yaro ɗan shekara 5 zuwa 7, soja biyar-biyar sun isa: doki ɗaya, ɗan baka ɗaya, dakaru uku. Minti 15 ko 20 tsakanin la'asar da magariba. Ka tashi tun yana so, gobe shi zai zo ya ja maka riga.

Na uku, doka uku kawai a farko. Ɗaya, tafiya: ka karya tsinken tsintsiya daidai taƙin hannun yaron, dakare ya yi tsinke ɗaya, doki tsinke biyu, kowa da layinsa. Biyu, harbi: ɗan baka yana da harbi ɗaya a kowane zagaye, a ɗora ƙwayar gurjiya a gabansa a ɗalle ta da yatsa, wanda ta taɓa ya fita. Uku, arangama: in biyu suka ritsa ɗaya sun kama shi, in ɗaya da ɗaya ne kowa ya ja baya. Shi ke nan. Sai ya ƙware kafin ka ƙara cewa doki ba ya hawa dutse, ko ba a ƙetare kogi sai ta gada. A nan ne za ka shigo masa da kalmomin kakanninmu, lifidi da sulke da garkuwa, ganuwa da ƙofa, Madawaki da Sarkin Yaƙi, waɗanda yaranmu na nan ba sa ji sai in an je kallon hawan salla.

Na huɗu, yadda ake cin wasa. Kada nasara ta zama a ƙarar da kowa. Ni ayarin fatake nake sa wa. Kwalin ashana uku za su tashi daga wannan bakin tabarma zuwa wancan, ɗaya yana rakiya, ɗaya yana tarewa. In biyu sun isa, mai rakiya ya ci. Ai da yawanmu fatauci ne ya kawo kakanninmu wannan ƙasa, wasu kuma jirgin ƙasa ne ya sauke su a Kafanchan. Yaro ya san aikin mai makami shi ne kare hanya da mutane.

Na biyar, guzuri, kuma nan ne ɗan kasuwa ya sa hannu. Kowane ɓangare ina ba shi gyaɗa ƙwaya 20. Duk zagaye, kowa ya zuba ƙwaya biyu a kwano, abincin soja ke nan, ta tafi ba ta dawowa. Abin da ya rage a ƙarshe shi mutum zai ci. Kuma kowa yana da ikon ɗaga farin ƙyalle ya nemi sulhu. Jama'a, ba a yi mako biyu ba sai ga auta yana cewa, "Baba, mu shirya mana, gyaɗar tana ƙarewa." Na ce a raina, ka gano abin da manya da yawa ba su gano ba.

Na shida shi ne sharaɗin da na gindaya masa tun ranar farko, kuma shi ne dalilin tsayuwata a gabanku. A kan tabarmar nan babu Bahaushe, babu Bakagome, babu Bajju, babu Bafulatani. Babu masallaci, babu coci. Akwai Ja, akwai Shuɗi. Muka ɗaura wa dawakin zare. Kuma duk wasa sai an yi musaya, wanda ya riƙe Ja yau, gobe Shuɗi zai riƙe. Yaron da ya zauna a ɓangarori biyu ya san na can ma mutum ne mai dabara, mai jin zafin asara. Wanda aka taɓa ba ma cewa ya mutu, kamamme ne, a gefe yake zama, ba a fasa shi. In an gama a mayar wa kowa mutanensa, a yi musabaha, a kwashe kaya tare.

Wani zai tambaya, in bar shi ya riƙa cin ni? Ka bar shi ya ci wani lokaci, amma ba kullum ba. Hanyar da ta fi ita ce ka rage naka sojan, ka riƙe uku ya riƙe biyar, sannan ka yi wasa da gaske. Ranar da ka ci shi zai yi kuka, wataƙila ya watsar da kayan. Kada ka dake shi, kada kuma ka yi masa dariya. Ka ce yau an rufe kasuwa, sai gobe. Wanda bai koyi faɗuwa a gaban ubansa ba, a waje zai koya, kuma can ba a tausayi. Haka nan in ya kama ka ka ƙara tsawon tsinke, ka amsa laifi. Doka ta hau kan uba kamar yadda ta hau kan ɗa.

Iyaye mata, wannan ba na maza kaɗai ba ne. Yayarsa 'yar shekara 9 ita ce alƙaliyarmu, ita ke riƙe da tsinke da kwanon gyaɗa, kuma ba a ɗaga hukuncinta. Lissafinta ma ya ƙaru.

In yaro ya kai shekara 8 ko 9, sai ka haƙa masa gurabun dara a ƙasa, layi 5 gurbi 6-6, kowa da 'ya'ya 12. Wanda ya jera uku ya ɗauke ɗan abokin karawarsa ɗaya. Wannan namu ne tun kaka da kakanni, kuma a nan zai fahimci abin da ake nufi in an ce dara ta ci gida.

Yanzu ɗan maƙwabcin nan nawa yana zuwa, wani lokaci su biyu su haɗu su riƙe Ja su kore ni. Ran nan ubansa ya leƙo nemansa, ya tsaya kallo, har ya fara ba ni shawarar inda zan sa dokina. Ban ce dokin laka zai hana rikici ba, wannan sai Allah, sai kuma adalcin shugabanni. Amma mu baƙi ne da muka zama 'yan gida, a ƙasar Mai Martaba Kpop Gwong muke kwana muke tashi, a nan 'ya'yanmu za su yi kasuwa bayan ba mu. Abin da yaro ya jera a tabarma yana da shekara 6, shi zai ɗauka a ransa yana da shekara 20.

Saboda haka roƙona biyu ne. Mu kiyaye bakinmu a gaban yara. Kuma a wannan mako kowane uba ya nemi minti 20 ya zauna ƙasa da ɗansa, ya tambaye shi su wane ne a wancan layin. Amsar da za ka ji za ta nuna maka aikin da ke gabanka.

Allah ya shirya mana zuriya, ya zaunar da wannan ƙasa lafiya, ya ji ƙan waɗanda suka riga mu.