Targaɗe da Ciwon Tsoka a Wurin Aiki

Wannan jawabi ne da wani malamin asibiti ya yi wa ɗaliban ajin yaƙi da jahilci gab da faɗuwar damina. Mun buga shi domin amfanin masu karatu.



Ga damina ta ƙarato. Kowa ya san manomin da ya kwanta mako uku lokacin noman fari, ciyawa ce za ta cinye masa gona. Shi ya sa na zaɓi in yi magana a kan targaɗe da ciwon tsoka, irin wanda aiki ke jawowa. Kada mu raina shi. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a shekarar 2020 mutum miliyan 619 ne ke fama da ciwon kwankwaso a duniya.

Jikin babban mutum yana da ƙashi 206 da tsoka fiye da 600. Ƙashi ba ya motsa kansa, tsoka ce ke jan sa. Abin da ya ɗaure tsoka da ƙashi, ya kuma riƙe gaɓa, shi ne jijiya. Ba jijiyar jini nake nufi ba, ina nufin farin abin nan mai tauri da ke ƙin taunuwa a cikin nama. Tsoka da jijiya kamar igiyar rama suke, ƙananan zare ne da yawa aka haɗa.

Ta hanya biyu igiya ke lalacewa. Ta farko, a fizge ta farat ɗaya. Haka yake ga wanda ya sunkuya ya cicciɓi buhun masara mai kilo 100, ko wanda ƙafarsa ta gurɗe a kan kunya. Wasu zaren sun tsinke ke nan. Ta biyu, ta ci a hankali, kamar yadda bakin rijiya ke cin igiyar guga. Wannan shi ne ciwon kafaɗar mai daka, da gwiwar hannun maƙeri, da bayan wanda ya yini a duƙe da fartanya. Kullum ana ɗan yi wa jijiya rauni, ba a ba ta hutun da za ta gyaru.

To, yaya jiki ke warkar da kansa? Mataki uku ne.

Na farko, kumburi. Kwana biyu zuwa biyar wurin zai kumbura, ya yi ɗumi, ya yi zafi. Jini ne ya kawo ma'aikatansa su kwashe abin da ya lalace.

Na biyu, ɗinki. Jiki zai riƙa saƙa sabon zare a inda ya yage, har mako uku zuwa shida. Sabon zaren nan kamar ɗanyen yaɓe yake. A nan ne yawancinmu ke yin kuskure. Da zafi ya lafa sai mutum ya ce ya warke, ya koma ɗaukar kaya, wurin ya sake yagewa. Na sha ganin ciwon mako biyu ya zama na damina guda saboda haka.

Na uku, ƙarfafawa. Wannan yakan ɗauki watanni. Zaren yana yin ƙwari ne idan ana motsa gaɓar ana ƙara mata aiki kaɗan-kaɗan. Tsoka ta fi saurin warkewa domin jini na isar ta sosai. Jijiya kuwa jininta kaɗan ne, sai an yi haƙuri da ita.

Idan abin ya faru, a dakatar da aikin nan take. A huta kwana ɗaya zuwa uku. A jiƙa tsumma da ruwan randa mai sanyi a ɗora kamar minti 15, sau uku ko huɗu a rana. In akwai ƙanƙara a naɗe ta a ƙyalle tukuna. A ɗaure wurin da bandeji, amma ba tamau ba. In yatsu suka yi sanyi ko suka dena ji, a sassauta. In ƙafa ce, a ɗora ta bisa matashi. A kwanakin nan na farko kada a gasa da ruwan zafi, kada a murza da ƙarfi, domin suna ƙara kumburi. Kada a yi tsaga. Ba ta kai wa ga jijiya, sai dai ta buɗe wa cuta ƙofa.

Bayan nan a fara motsi a hankali. A da akan ce mai ciwon baya ya kwanta har ya warke. Yanzu likitoci sun gano doguwar kwanciya tana ƙara sandarar da baya. A tashi a riƙa ɗan tattaki.

Sai maganar ƙwaya. Farasitamol bisa ƙa'ida ba laifi. Amma shan diklofenak ko ibufurofen kullum yana iya jawo gyambon ciki, ya taɓa ƙoda. Tiramadol kuwa, da wasu samari ke sha wai don ƙarfin aiki, ɓoye zafi kawai yake yi, jijiya na ci gaba da yagewa, ga shi yana kama mutum ya kasa bari.

A garzaya asibiti idan mutum ya kasa taka ƙafar ko taku huɗu, ko gaɓa ta karkace, ko hannu ko ƙafa ta mutu. Haka kuma idan ciwon baya ya zo da kasa riƙe fitsari, ko zazzaɓi da rama, domin tarin fuka yakan kama ƙashin baya.

Rigakafi ya fi magani. In za ka ɗauki kaya, durƙusa ka lanƙwasa gwiwa, ka jawo kayan jikinka, ka miƙe da ƙarfin cinya. Kada ka murɗa ƙugu da kaya a hannu, juya da ƙafa. Tun 1967 Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya ta ba da shawarar kada namiji ɗaya ya ɗauki abin da ya wuce kilo 55. Buhun taki mai kilo 50 ya kusa kai wa iyaka, balle na hatsi. A raba shi biyu, ko a kira ɗan'uwa, hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Mai noma ya riƙa miƙewa a ƙarshen kowace kunya. Mata su riƙa karɓa-karɓa wajen daka. Kada a ɗora wa yara tulun da ya fi ƙarfinsu.

Wanda ya iya karatu ya karanta wa maƙwabcinsa. Allah ya ba mu lafiya da damina mai albarka.