Kada Mu Yi Saurin Jefar da Itacen da Ya Yi Yaushi

Jawabi ga ikilisiyoyin ƙauyuka na yankin Jibiya

 

Yau maganarmu a kan wani ɗan itace ne da ake ajiyewa cikin tukunya a ɗaki ko a baranda, wanda ake kira itacen roba. Masu sayar da furanni a bakin titi a Katsina da Kano suna da shi, kuma matafiya sukan kawo shi tsaraba. Wasunmu sun ajiye shi a gida, wasu a gaban majami'a. Ganyensa faffaɗa ne, mai kauri, mai sheƙi. Amma sau da yawa bayan wata biyu ko uku sai ganyen ya fara zama rawaya yana zubewa, mai shi ya ce ba shi da hannun shuka, ya jefar.

Wani zai ce, ina ruwan manomi da itacen ado? To, ga ruwansa. Abin da yake kashe itacen tukunya shi ne yake kashe dashen mangwaro da gwaiba da muke saya da kuɗinmu kowace damina. Wanda ya iya ceton ɗaya zai iya ceton sauran.

Wane irin itace ne?

Asalinsa daga Indiya ne da ƙasashen da ke gabas da ita, kamar Malesiya da Indonesiya. A can yakan zama katafaren itace. A jihar Meghalaya ta Indiya, mutanen ƙabilar Khasi suna jan saiwoyinsa su haye rafi, su saƙa su, har su zama gada mai rai da mutane ke bi ta kai. A dā ana tatsar farin ruwansa a yi roba, kafin wani itace na ƙasar Brazil ya karɓe wannan kasuwa.

Amma ba baƙo ba ne a wurinmu kamar yadda muke zato. Danginsu ɗaya da ɓaure da durumi da cediya da gamji. Ku karya ganyen kowannensu, za ku ga farin ruwa kamar madara. Har ma Turawa sun taɓa kiran gamji da sunan itacen robar Kano. Saboda haka abin da kakanninmu suka sani game da cediya zai yi mana amfani a nan.

Gargaɗi ɗaya tun da wuri: wannan farin ruwa yana sa ƙaiƙayi a fata, yana kuma cutar da ido. Kada a bar yara su yi wasa da shi. Wanda ya yanke reshe ya wanke hannu da sabulu.

A duba kafin a ba da magani

Idan yaro ba shi da lafiya, ma'aikacin asibiti yakan duba shi tukuna kafin ya rubuta magani. Amma idan itace ya yi yaushi, abin da mai koyo yake fara yi shi ne ya ƙara ruwa. Gobe ya ƙara, jibi ya zuba taki. Garin neman gira sai a rasa ido. Yawan ruwa ya fi ƙishirwa kashe itacen roba, domin saiwa tana bukatar iska kamar yadda take bukatar ruwa. Idan ƙasa ta jiƙe kullum, saiwa ta shaƙe, ta ruɓe. Ruɓaɓɓiyar saiwa ba ta iya jan ruwa, sai ganye ya yi yaushi kamar mai jin ƙishi, alhali tukunyar cike take da laima.

Saboda haka ku tura yatsa cikin ƙasar har gaɓa ta biyu. Idan da danshi, kada ku ba da ruwa, ko da kwana goma ke nan. Idan ta bushe, ku zuba sosai har ya fito ta ƙasan tukunya, sannan ku bari. Ba a sa wa bayin ruwa rana. Ƙasa ce za ta faɗa muku.

Ganye ma yana magana, in mun iya saurare:

1. Ganyen ƙasa ya zama rawaya yana faɗuwa, ƙasa kuma a jiƙe: ruwa ya yi yawa.

2. Ganye ya sunkuya, bakinsa ya bushe, ƙasa ta ja baya daga jikin tukunya: ƙishirwa ce.

3. Tabo kamar ƙuna a tsakiyar ganye: rana ta buge shi kai tsaye.

4. Kara ya yi tsawo siriri, sababbin ganye ƙanana, itacen ya karkata wajen taga: haske bai ishe shi ba.

5. Ganye yana danƙo, ga wasu fararen abubuwa kamar auduga a bayansa: ƙwari ne masu tsotsar ruwansa. A goge su da tsumma da ruwan sabulu kaɗan, ko ruwan da aka jiƙa dakakken 'ya'yan darbejiya, wadda wasu ke ce wa bedi ko dogon yaro. A maimaita bayan mako guda.

Idan saiwa ta ruɓe

Ku kwantar da tukunyar, ku zaro itacen a hankali tare da ƙasarsa. Lafiyayyar saiwa tana da ƙarfi, launinta fari-fari. Wadda ta ruɓe baƙa ce, tana lugub-lugub, tana wari. Ku yanke duk ruɓaɓɓen wurin da wuƙa mai tsabta. Ku zubar da tsohuwar ƙasar. Ku haɗa sabuwa: ƙasar gona, da yashi, da tsohon takin da ya riga ya ruɓe ya huce. Ɗanyen kashin kaji ko na awaki yana ƙone saiwa.

Tukunyar ƙasa ta fi bokitin roba, domin tana numfashi. Kowace ce dai, dole ta kasance da huji a gindi. Kada ta yi wa itacen girma da yawa, gama babbar tukunya tana riƙe ruwan da ƙaramar saiwa ba za ta iya shanyewa ba. Ruwan wanki mai omo kuma ba na shuka ba ne.

Bayan haka, a ajiye shi inda akwai haske amma rana ba ta dukansa, kamar kusa da taga ta gabas ko ƙarƙashin rumfa. A bar shi wuri ɗaya. Wannan itace ba ya son yawan ɗauka, yakan zubar da ganye idan ana ta canja masa mazauni. Kada a ba shi takin zamani sai ya fitar da sabon toho. Marar lafiya kunu ake fara ba shi, ba tuwo ba.

Mu kuma lura da lokutan shekara. Da hunturu ƙura takan rufe ganye ta hana shi shan haske, sai a riƙa goge shi da jiƙaƙƙen tsumma, a kuma kau da shi daga bakin ƙofa saboda sanyin dare. Da bazara ƙasa takan bushe da sauri. Da damina a rage ruwa. In kuwa ya girma kuna son dasa shi a ƙasa, ku nisanta shi daga bango da rijiya da masai, domin saiwarsa kamar ta gamji take, tana fasa gini.

To, idan duk ganyen ya zube fa? Ku ɗan kankare ɓawon da farce. Idan kun ga kore a ciki, yana da rai. Ku yanke busasshen sama, ku jira. Sabon toho yana iya ɗaukar wata ɗaya ko biyu. Ko reshe ɗaya ne ya rage da lafiya, ana iya kafa shi a ƙasa mai danshi ya yi saiwa, kamar yadda ake kafa reshen cediya.

Abin da maƙwabtanmu na Maraɗi suka gano

Wannan magana ta duba saiwa ba ta tsaya a tukunya ba. Idan muka bi hanya daga Magama muka haye iyaka ta Ɗan Isa, za mu isa Maraɗi. A can ne wani ma'aikacin mishan na SIM, Tony Rinaudo, ɗan ƙasar Ostireliya, ya yi ta raba dashen itatuwa, amma mafi yawansu suna mutuwa saboda fari da iska da awaki. A shekarar 1983 ya lura cewa ƙananan tsiron da manoma ke sarewa lokacin sharar gona ba ciyawa ba ne. Toho ne daga kututturen itatuwan da aka sare tun da daɗewa, waɗanda saiwarsu tana nan da rai a ƙarƙashin ƙasa.

Dabarar ba ta cin ko sisi. Manomi ya zaɓi kututturen da yake so, ya bar rassa masu ƙarfi kamar uku zuwa biyar, ya sare sauran, ya riƙa gyara su. Da yake saiwar babba ce, tohon yakan girma fiye da dashe sau da yawa. Mutanen Nijar suka sa mata suna sassaben zamani. Bayan yunwar 1984 ta fara yaɗuwa daga gona zuwa gona. Masu bincike sun kiyasta cewa ta mayar da itatuwa kusan miliyan 200 a fili mai faɗin hekta miliyan 5, yawanci a jihohin Maraɗi da Damagaram.

Ƙasarmu da tasu ɗaya ce. Gulbin Gada da aka datse a Jibiya shi ne yake gangarawa wajensu. Sabara da kalgo da magarya da gawo da suke tsirowa a gonakinsu suna nan a namu. Kowace shekara muna sare su mu ƙone, sannan matanmu su yi doguwar tafiya neman itacen girki, a lokacin da shiga daji ya zama abin tsoro. Itacen da ke cikin gona yana tare iskar da ke binne sabon tsiron gero, yana ba dabbobi abinci da rani, yana kuma rage wa mata wannan tafiya.

Tambayoyi don tattaunawa

1. Dashe nawa muka shuka bara a gida da harabar majami'a? Nawa suka rayu? Me ya kashe sauran?

2. Waɗanne kututture ne suke toho a gonakinmu?

3. Wane ne a cikinmu ya taɓa ganin sassaben zamani a Nijar, da zai iya nuna mana?

Muna roƙon kowane gida ya zaɓi kututture biyar ya bar su a sharar gona mai zuwa. Zumuntar mata da matasa kuma su raba aikin kula da dashen harabar majami'a, mutum ɗaya ga kowane itace, don kada uku su ba shi ruwa rana ɗaya, wata rana kuma a rasa mai ba shi.