JAWABIN SAKATAREN ƘUNGIYA A KAN LASISIN TUƘI DA KATIN ƊAN ƘASA

 

Mai girma Sarkin Hausawa, ranka ya daɗe. Malamanmu, Allah gafarta maku. Shugabannin tasha da na 'yan okada, iyayenmu mata da ke saurare daga zaure, da sauran 'yan'uwa mazauna Sabo, muna yi maku barka da zuwa.

Bayan haka, abin da ya tara mu yau shi ne maganar takardu guda biyu, wato lasisin tuƙi da lambar NIN ta katin ɗan ƙasa. Dalili kuwa, yawancin ƙarar da ake kawowa ofishin ƙungiya a kan kamu a hanya, in an bi diddigi sai a tarar ko mutum ba shi da takarda, ko ta ƙare bai sabunta ba, ko kuma wani ya karɓi kuɗinsa ya haɗa shi da ta jabu.

Da farko mu san matsayinmu. Tun 1916 aka kafa Sabo a nan Badun, da yawa daga cikinmu nan aka yanke masu cibiya. Tsarin mulkin Najeriya na 1999, a sashe na 41, ya ba kowane ɗan ƙasa 'yancin ya yi yawo ya kuma zauna a duk inda ya so a cikin ƙasar nan. Sashe na 42 kuma ya hana a nuna masa bambanci saboda ƙabilarsa ko addininsa ko garin da ya fito. Saboda haka ba sai mutum ya koma Kano ko Sakkwato zai yi lasisi ba. Inda kake zaune nan za ka yi, kuma wanda aka yi a jihar Oyo yana aiki har Maiduguri. In an tambaye ka jiharka ta asali a jikin fom, faɗi gaskiya, wannan bayani ne kawai ake cikewa, ba ya hana a ba ka.

Na biyu, lambar NIN ita ce tushe. Hukumar NIMC da aka kafa da dokar 2007 ita ke bayarwa. Lamba ce guda 11, yin rajistarta kyauta ne, kuma sau ɗaya ake yi a rayuwa, ba ta ƙarewa. Tun ƙarshen 2020 aka ce sai da ita za a yi lasisi ko a sabunta, haka ma layin waya. 'Ya'yanmu kuma tun 2021 ba sa rajistar JAMB sai da ita. Don haka maigida ya kai matansa da yaransa su ma a yi masu. Wanda ya taɓa yi a gida ya ɓatar da takardar, kada ya sake sabuwar rajista, ya je a nemo masa tsohuwar lambarsa.

A nan ne mu Hausawa muka fi samun cikas, wato wajen suna. Mutum ɗaya, a banki Muhammadu, a NIN Mohammed, a tsohon lasisi Mamman. Wani a nan ya sa sunan mahaifinsa, a can ya sa sunan garinsu. Shekarun haihuwa ma kowace takarda da nata. Kwamfuta ba ta san Mamman shi ne Muhammadu ba, da ta ga harafi ɗaya ya saɓa sai ta tsayar da aikin. Gyara kuwa da kuɗi ake yinsa, ga jeka-ka-dawo. Mu da muka koyi boko da girmanmu a ajin yaƙi da jahilci mun san ba kowa ke iya duba abin da aka rubuta ba. Babu kunya a ciki. Ka tafi da suna da ranar haihuwa a rubuce a takarda, ko ka tafi da yaron da zai karanta maka kafin a buga.

Na uku, yadda ake yin lasisin. Ofisoshi uku ne ke da hannu: Hukumar Kiyaye Haɗurra wadda aka kafa a 1988, wato 'yan Rod Sefti, da VIO, da ofishin haraji na jiha. Sabon direba sai ya cika shekara 18, ya shiga makarantar koyon tuƙi da hukuma ta amince da ita, VIO su gwada shi, a cike fom ta intanet, a biya kuɗi a karɓi rasit, sa'an nan a ɗauki hotonsa da zanen yatsunsa. Babur ajin A ne, ƙaramar mota ajin B, manyan motoci da na haya su ma da nasu ajin. Wanda ke jan tirela da lasisin ƙaramar mota ya saɓa doka. A watan Yunin 2025 aka mayar da kuɗin lasisin mota naira 15,000 na shekara uku, naira 21,000 na shekara biyar, ban da kuɗin makaranta.

Ku riƙe wannan da kyau: duk sabon lasisin da aka kawo maka har gida, ba ka je an ɗauki hotonka da yatsunka ba, jabu ne. Ranar da aka duba lambarsa a na'ura ba a ga sunanka ba, kai za a riƙe, dillalin ya daɗe da cin kuɗin. Araha ba ta ado.

Na huɗu, sabuntawa. Ranar ƙarewa tana rubuce a jikin katin. Kowa ya koma gida ya duba nasa yau, ya fara shiri tun da sauran wata guda. Mai sabuntawa ba ya komawa makaranta, lambar tsohon lasisinsa da NIN ɗinsa zai kai. In an ba ka na wucin gadi, shi ma yana da wa'adi, ka koma kafin ya cika. Wanda nasa ya ɓace ya sanar da 'yan sanda ya karɓi takarda, ya nemi a sake buga masa.

A ƙarshe, in an tsayar da kai a hanya, ka tsaya, ka gaisa, ka nuna takardunka. In an ce ka yi laifi, ka nemi a rubuta maka tikiti ka je ka biya inda doka ta ce. In kuwa takardunka sun cika aka ci zarafinka saboda yarenka ko tufafinka, ka riƙe wurin da lokacin da sunan da ke ƙirjin jami'in, ka kawo mana. Da mai takarda muke iya ɗaga murya a gaban hukuma. Marar takarda kuwa sai dai mu je roƙo.

Bayan sallar Juma'a za mu zauna a ofis da matasa biyu masu karatu, kowa ya kawo takardunsa a jera a gani ko sunayen sun yi daidai. Iyaye mata kuma ranar Asabar da hantsi.

Allah ya tsare mu a hanya, ya zaunar da mu lafiya da masu masaukinmu. Wassalamu alaikum.