Wa Zai Yi Magana a Madadinka Ranar da Baki Ya Kasa?

 

 Na san ranar murna ce, kuma batun da na zaɓa ba na murna ba ne. Ku yi mini haƙuri, abin ya faru a gidanmu ne, shi ya sa na kasa yin shiru.

Bara da kaka, kawuna ya faɗi a bakin rumbu. Ya daɗe da ciwon suga da hawan jini, ga wani miki a ƙafa da ya ƙi warkewa. Kafin mu isa asibiti a birni ɓarin jikinsa ya shanye, magana ta ɗauke. Likita ya duba ƙafar ya ce sai an yanke, kuma sai wani daga dangi ya sa hannu a takarda. To, wa zai sa? Babban ɗansa yana Sabha ta Libiya, salularsa wata rana ta shiga, wata rana babu rezo. Ƙaninsa ya ce a mayar da shi gida a yi na gargajiya. Uwargida ta ce ta taɓa jin ya ce shi dai a nema masa lafiya ko da me za a rasa, amma wa ya tambaye ta? Ni da nake fassara Faransancin likita, yaro ne a wurin, ba ni da ta cewa. Kwana uku muna ja-in-ja a gindin bishiya, shi kuwa yana kwance yana kallonmu. Da aka sa hannu, yankan da za a yi a ƙasan gwiwa sai a sama aka yi shi.

Ba wanda ya yi mugunta a cikinmu. Kowa ƙaunarsa yake. Kawu ne bai taɓa cewa "in na kasa, wane za ku ji" ba, mu kuma ba mu taɓa tambaya ba.

Kai mai karanta wannan, ka san wasiyya. Tun muna makarantar allo ake faɗa mana ba ta wuce sulusin dukiya, kamar yadda aka iyakance wa Sa'adu ɗan Abi Waƙƙas (RA). Amma wasiyya ba ta aiki sai bayan rai ya fita. Tsakanin lafiya da mutuwa akwai wani zango, wani lokaci na sati, wani lokaci na shekara goma: shanyewar jiki, gigin tsufa, haɗarin babur da ya taɓa kai, taɓin hankali. Mutum yana nan, amma ba ya iya yanke wa kansa shawara. Addininmu bai manta da wannan zango ba. Aya ta 282 a Suratul Baƙara, wadda ta fi kowace aya tsawo, ta yi maganar mai rauni da wanda ba ya iya shifta da kansa, ta ɗora wa waliyyinsa yin hakan bisa adalci. Ga kuma babin wakilci da na kange marar hankali daga dukiyarsa a littattafan fiƙihu da malamanmu ke karantarwa a zaure.

A jami'a na ci karo da yadda wasu ƙasashe suka mayar da abin doka. A Faransa, dokar 4 ga Maris 2002 ta ba majinyaci damar rubuta sunan amintaccensa, wanda likita zai tuntuɓa idan shi ya kasa magana. A Ingila dokar 2005 ta ba mutum damar naɗa wakili kan lafiyarsa da wurin zamansa tun yana garau. Ba cewa nake mu kwaikwaye su ba. A Nijar, kan sha'anin iyali da gado, kotu al'adar mutanen take bi, da mashawarta masana al'ada a gefen alƙali, kuma mun saba da zaman dangi. Ke nan kayan aikin suna hannunmu.

Sai dai a lura da abu guda. Malaman fiƙihu da yawa sun ce wakilci na yau da kullum yana warwarewa idan hankalin wanda ya wakilta ya gushe ɗungum, daga nan magana ta koma ga waliyyi da alƙali. Don haka raɗa a kunnen mutum ɗaya ba ta isa ba. A kira liman da mai gari da shaidu biyu, a tara mata da ƴaƴa, mai gida ya faɗa da bakinsa. A rubuta, ko da ajami ko da boko, a ajiye ɗaya a gida, ɗaya wurin liman. Ranar da dangi suka zauna, ko aka je gaban alƙali, maganarsa tana nan.

Kuma ba dole ne ya zama babban ɗa ba. Na san wannan za ta yi wa wasu ɗaci. Wanda ke cirani a Kano ko Tamanraset yana iya aiko kuɗi cikin awa ɗaya, amma ba shi zai tsaya gaban likita da tsakar dare ba. A zaɓi wanda ke kusa, mai amana, mai iya cewa a'a ko da baffa ne ya matsa. In mace ce ta fi cancanta, matar nan da ta shekara talatin tana dafa masa abinci ta fi kowa sanin abin da yake so. A sa na biyu, don na farkon ma ɗan Adam ne.

Sannan a gaya masa abin da ake so, kada a bar shi da zato. In kuɗin magani ya ƙare, awaki za a fara sayarwa ko gona za a jinginar? A ɗakin wa zai yi jinya? In gigi ya kama shi yana fita da dare, wa zai kwana da shi, don kada a kai ga ɗaure shi? In azumi ya gagara, daga wane rumbu za a ciyar?

Za ku ce, ya za a yi yaro ya tunkari mahaifinsa da wannan, ai sai a ce fata yake yi masa. Gaskiya ne, ni ma na ji tsoro. Ban fara da Baba ba, da kaina na fara. Na ce masa, "Baba, kullum ina kan babur tsakanin Guna da Damagaram. In wani abu ya same ni, Yaya za ku ji." Ya yi shiru har na yi zaton na yi laifi. Bayan sallar isha'i ya ce in kira masa liman gobe.

Ina roƙon shugabannin ƙungiya, kafin azumi mai zuwa, a roƙi malamanmu su tsara mana ƴar takarda shafi ɗaya da Hausa. Ni da ƴan uwana ɗalibai za mu rubuta wa duk wanda bai iya ba.