Bayanau A Turanci: Hattara Da Wutsiyar Nan Ta -ly



Yawancinmu Islamiyya muka yi, ba boko ba. To amma muddin masararmu da wakenmu na bin hanyar Mokwa da Jebba zuwa Ibadan da Ikko, takardar Turanci ba ta daina zuwa hannunmu. Ga kuma 'ya'yanmu, in babu kiredit a Turanci a WAEC ko NECO, wadda hedkwatarta ke nan Minna, ƙofar jami'a a rufe take.

Abin da Bature ke kira adverb, masana Hausa suka ce bayanau, ba baƙonmu ba ne. Duk wanda ya karanta Ajurrumiyya ya san zarfin zamani da zarfin wuri, ya san hali. Kusan aikinsu ɗaya: su faɗi yaushe, a ina, ta yaya. Mu sai mu ce da sauri, a hankali. Bature kuwa yakan ɗauki sifa ya liƙa mata wutsiya: quick ta koma quickly, slow ta koma slowly.

To a nan gizo ke saƙar. Ba kowace kalma ke karɓar wutsiyar ba. Fast tana nan fast, babu fastly. Good kuwa well take komawa. Wasu kuma da an liƙa musu, sai ma'ana ta juye. He works hard, yaro ne mai ƙwazo. He hardly works, da ƙyar yake taɓa aiki, malalaci ke nan. Ku duba fa, jama'a, a ce mutum ya rubuta wa yaron shagonsa takardar shaida da wannan ta biyun, yana zaton yabo ya yi!

Haka late da lately: ta farko makara, ta biyu kwanan nan. In abokin ciniki ya rubuto kuɗi nearly complete, ba su cika ba, kada a ɗora buhu ko ɗaya a mota. In ya ce zai biya shortly, nan ba da daɗewa ba yake nufi, amma bai sa rana ba. A nemi ya rubuta rana da wata, ya sa hannu.

Muna roƙon shugabanni a samo malamin Turanci guda, ya riƙa zama da mu da yaranmu ranar Asabar bayan La'asar. Kuɗin alli da na malam, mu 'yan kasuwa mun ɗauka.