Faci a Manhaja da Haƙƙin Mai Jira

 

Kwanan baya na tsaya a shagon wani mai gyaran waya a nan Gusau. Wani dattijo da ya taso daga Tsafe ya miƙo wayarsa, ta mutu murus. Ya ce tana cikin sabunta kanta layin da ke cika a fuskarta ya kai 99 ya kafe. Ya jira har aka kira Magariba, da ya gaji ya danne maɓalli ya kashe ta. Mai gyara ya ce, "Baba, ai aiki take yi." To, wa ya gaya wa Baba?

Manhaja faci ake yi mata, kamar tayar babur: a gano ƙofar da ɓarayi za su iya shiga, a liƙe. A Maris 2017 Microsoft ya fitar da wani faci. Waɗanda ba su ɗora ba, muguwar manhajar WannaCry ta afka musu a watan Mayu, har asibitocin Ingila suka riƙa mayar da marasa lafiya gida. Ɗora faci wajibi ne, amma mutum ba ya sake amincewa da abin da ya taɓa kashe masa waya.

A nan ɗan rahoto yake shigowa, wanda masana ke kira kolbak. Ɗan gajeren aiki ne da kai mai rubuta manhaja za ka miƙa wa injin da ke sauko da facin, shi kuma ya riƙa kiransa lokaci-lokaci yana shaida masa inda aka kwana. A libcurl, ɗaya daga cikin irin waɗannan injunan, lambobi huɗu ake ba ɗan rahoto: jimillar abin da za a sauko da shi, wanda ya sauko, jimillar abin da za a tura, da wanda aka tura. Ko komai ya tsaya cak, ana kiransa kusan kowace daƙiƙa, kuma amsar da ya mayar tana iya dakatar da aikin. Ashe hanyar faɗa wa mutum "sabis ya yanke" tana hannunka, hanyar ba shi damar fasawa ma haka.

Me ya kafe layin Baba? Galibi saukowa kaɗai ake ƙirgawa. Tantance facin, kwance shi da rubuta shi cikin wayar duk an cusa su cikin kashi ɗayan da ya rage, alhali nan ne kashe waya ya fi haɗari. Ni a wurina wannan rashin gaskiya ne. Ka ba kowane mataki sunansa, ka rubuta ƙarara: yanzu kada a kashe.

Mu Zamfarawa mun san yankewar layi. A Satumba 2021 an rufe sadarwa a jihar baki ɗaya saboda matsalar tsaro. Ko yau, datar mutum da kuɗin cefanensa aljihu ɗaya suke fitowa, wuta kuma sai an kawo. Saboda haka lambar da ɗan rahoto ya karɓa a adana ta, in sabis ya dawo a ɗora daga nan. Game da haɗarin kashe waya kuwa, tun 2016 Android ya ɓullo da tsarin rumbu biyu: a rubuta sabon tsarin wayar a gefe, tsohon na aiki, in ya lalace a koma kan tsohon.

Ɗalibai, in kun rubuta naku ɗan rahoton, ku hau mota zuwa Bungudu da wayar a hannu, ku kunna sabuntawa, ku lura da abin da take faɗa duk inda sabis ya ɗauke.