Bukkoki Uku a Kan Dutse

Wannan biki ne na cika shekara 50.

Cikin Luka sura 9, Yesu ya hau dutse da Bitrus, Yohanna da Yakubu. Kamanninsa suka sāke, tufafinsa suka yi fari fat, sai ga Musa da Iliya. Zancen me suke yi? Mutuwarsa a Urushalima. Ashe gicciye yana tsakiyar ɗaukakar.

Bitrus ya so a kafa bukkoki uku. Mu ma yau, da anko da waƙoƙin zumuntar mata, haka muke ji. Amma kashegari da suka sauko, suka tarar da wani uba yana roƙo domin ɗansa tilo da aljani ke kayarwa. Irinsa suna nan bayan katangar majami'armu, ko katin gayyata ba mu aika musu ba.